Baƙon da Ya Yi Kuka a Filin Folo: Martin Luther King a Akara, Maris 1957

 

Ga watan Maris ya sake kewayowa. 'Yan makaranta sun fara fita filaye suna koyon maci, teloli suna haɗa ƙyallaye ja da ruwan gwal da kore, ranar 6 ga wata kuma za a rufe ofisoshi a yi hutu kamar yadda aka saba. Galibinmu ba a haife mu ba a daren da aka sauke tutar Ingila a birnin Akara, wanda iyayenmu suke kira Ankara. Abin da muka sani na wannan dare a gaban dattawa muka tsince shi, su kuwa kullum raguwa suke yi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Don haka bana muka ga ya kyautu mu nemi shaidar wani mutum dabam, baƙo ne da ya ƙetaro teku ya yi 'yan kwanaki a birnin, ya koma ƙasarsu ya ba mutanensa labari dalla-dalla, aka kuma adana abin da ya faɗa har yau. Mu mutanen Zango mun san nauyin kalmar baƙo, saboda haka muna da dalilin sauraron wannan mutum da kunnen basira, mu ga abin da idonsa ya kama da abin da ya kuɓuce masa.

Sunan baƙon Martin Luther King. Limamin coci ne, baƙar fata, daga garin Montgomery na jihar Alabama a kudancin Amurka, shekarunsa 28 kacal a lokacin. Sai mun san halin garin da ya baro kafin mu fahimci hawayen da ya zubar a nan. A Montgomery doka ce ta raba mutane bisa launin fata: makaranta dabam, wurin shan ruwa dabam, a motar bas kuma farare a gaba, baƙaƙe a baya, idan kujeru suka cika baƙar fata ne zai tashi ya ba farar fata wuri. Ranar 1 ga Disamba 1955 wata mata mai ɗinki, Rosa Parks, ta ƙi tashi, aka kama ta. Baƙaƙen garin suka ƙaurace wa motocin bas, suka koma tafiya da ƙafa da rage wa juna hanya har kwana 381, King ne kuma suka sa a gaba. Ana cikin haka, ranar 30 ga Janairu 1956, aka jefa bam gidansa alhali matarsa da jaririyarsu suna ciki, Allah Ya tsare. Kotun ƙolin Amurka ta soke dokar, aka janye ƙauracewar a Disamba 1956, amma wutar ba ta mutu ba, domin a Janairun 1957, ƙasa da wata biyu kafin bikinmu, an tayar da bama-bamai a coci huɗu na baƙaƙen garin cikin dare ɗaya. A harshenmu baƙi na launi da baƙi masu zuwa gari rubutunsu ɗaya ne, sai a lafazi suke rabuwa. Wannan mutum a ƙasar da aka binne kakanninsa an haɗa masa su duka biyun.

Mai masaukinsa Kwame Nkrumah ya san Amurka ciki da bai. Ya yi shekara goma a can, daga 1935 zuwa 1945, ya yi karatu a Jami'ar Lincoln ta baƙaƙen fata, ya yi ƙwadago don ya ci abinci, ya ɗanɗani wulaƙancin launi da kansa. Ya dawo gida a Disamba 1947. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 aka harbe tsofaffin sojoji uku a mararrabar Osu suna kan hanyar kai kukansu ga Gwamna, gari ya hargitse. Nkrumah ya kafa jam'iyyar CPP a Yunin 1949, ya kira yajin aiki da ƙin ba da haɗin kai ba tare da ɗaukar makami ba a Janairun 1950, aka ɗaure shi a kurkukun James Fort. Yana ɗaure ya ci zaɓen Fabrairu 1951, Gwamna Arden-Clarke ya sake shi ya danƙa masa jagorancin gwamnati. Aka sake yin zaɓe a 1954 da 1956, sannan Ingila ta sa rana. An zaɓi 6 ga Maris ne domin a irin wannan rana ta 1844 wasu sarakunan bakin teku suka sa hannu a yarjejeniyar da ta buɗe wa Ingila ƙofar yin hukunci a ƙasarsu. Sunan Gwalkwas kuma aka musanya shi da Ghana, tsohuwar daular da malaman Larabawa irin su al-Bakri suka ambata a littattafansu, wadda take can wajen Mali da Muritaniya na yau.

Da ranar ta matso, Nkrumah bai manta da waɗanda ya zauna cikinsu ba. Manyan baƙaƙen Amurka sun zo: Ralph Bunche na Majalisar Ɗinkin Duniya, da ɗan majalisa Adam Clayton Powell, da shugaban 'yan ƙwadago A. Philip Randolph, da wasunsu. Dattijon da ya fi kowa cancantar zuwa, malami W. E. B. Du Bois mai shekara 89, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana kiran haɗin kan Afirka, gwamnatin ƙasarsa ta hana shi fasfo. King yaro ne a cikin waɗannan manya. Cocinsa da ƙungiyar da ta jagoranci ƙauracewar ne suka haɗa masa guzuri, shi da matarsa Coretta suka taso daga Niyok, jirgi ya yada zango a Lisbon da Dakar da Monrobiya, suka sauka Akara ranar 4 ga Maris.

Garin da suka tarar ya fita daga kamanninsa na kullum. Tituna sun sha tutoci, wakilan ƙasashe fiye da hamsin sun cika masaukai, sarakuna sun zo da laimominsu da makaɗansu, ana tseren kwale-kwale a bakin teku, ana sukuwa a filin dawaki. Mutanen karkara sun kwararo cikin manyan motoci da jirgin ƙasa. Ku yi tunanin mutumin da a garinsu ba zai shiga gidan abincin farare ya zauna ba, yau ga shi a birnin da ministan kuɗi baƙar fata ne, shugaban majalisa baƙar fata ne, Turawa kuma suna jiran a nuna musu kujerunsu. Abin da ya daɗe yana faɗa wa mutanensa a kan mumbari cewa mai yiwuwa ne, ga shi yana tafe cikinsa da ƙafarsa. Gani ya kori ji.

Ribar farko da ya samu a tafiyar daga wajen ɗan ƙasarsu ta zo. Mataimakin shugaban Amurka, Richard Nixon, shi ya jagoranci tawagar gwamnatinsu. A farkon wannan shekara King da abokansa sun aika wa Shugaba Eisenhower da shi Nixon saƙo cewa su zo kudu su ga abin da ake yi wa baƙaƙe, ba su sami amsar da za ta sanyaya rai ba. Sai ga su fuska da fuska a wata liyafa a Akara. King ya gaishe shi, ya ce yana so ya ziyarce su a Alabama, domin irin 'yancin da ake wa biki a nan shi suke nema a can. Nixon ya gayyace shi Washinton, suka kuma zauna ranar 13 ga Yuni na wannan shekara. Dalilin wannan sauƙin kai ba ɓoyayye ba ne. Zamanin yaƙin cacar baka ne, Amurka da Tarayyar Sobiyet suna zawarcin sababbin ƙasashe, kuma abin kunya ne babba mutum ya zo taya baƙaƙen Afirka murnar 'yanci ya kau da kai daga baƙar fatar ƙasarsa a gaban 'yan jaridun duniya. Ƙofar da ta ƙi buɗuwa a Washinton, albarkacin bikinmu ta buɗe.

Sai daren da ake jira, Talata da dare, wato daren Laraba a lissafinmu, a farkon watan Sha'aban na shekara ta 1376. King yana cikin baƙin da suka shiga zauren majalisa don ganin zamanta na ƙarshe a ƙarƙashin mulkin mallaka. Abin da ya fara kama idonsa shi ne shigar Nkrumah da ministocinsa. Ya zaci zai ga ado irin na masu mulki, sai ga mutane da hulunan da ke nuna sun taɓa zama kurkuku. 'Yan CPP da aka ɗaure sun mai da ɗaurin abin alfahari, suna sa farar hula mai haruffa biyu da ke nufin wanda ya sauke karatu a gidan yari. Ga mutumin da shi ma an kama shi an gurfanar da shi a kotu saboda ƙauracewar bas, wannan hula wa'azi ce. Daga baya ya riƙa faɗa wa mutanensa cewa kada su ji tsoron kurkuku, domin ya ga waɗanda suka bi ta cikinta suka fito kan kujerar mulki.

Da sha biyun dare ta gabato aka fito zuwa filin folo da ke daura da majalisar, a bakin teku, inda a da Turawa suke wasan ƙwallon dawaki. King ya ƙiyasta taron da kusan rabin miliyan. Wataƙila idon baƙo ya ƙara gishiri, tunda ƙidayar 1960 ta nuna mutanen Akara duka ba su kai 400,000 ba, amma babu mai musun cewa birnin bai taɓa ganin taro irinsa ba. Aka sauke tutar Ingila, aka ɗaga sabuwa wadda Theodosia Okoh ta zana, ja da ruwan gwal da kore da baƙin tauraro a tsakiya. Nkrumah ya hau dandamali tare da Kojo Botsio da Komla Gbedemah da Krobo Edusei da sauransu, ya shaida wa jama'a cewa gwagwarmaya ta ƙare, ƙasarsu ta 'yantu har abada, ya ƙara da cewa 'yancin Ghana ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da 'yantar da Afirka baki ɗaya.

A nan ne baƙon ya kasa riƙe kansa. Da bakinsa ya faɗa cewa bai ankara ba sai ya ji yana kuka, kukan murna, yana tuna wahalar da mutanen nan suka sha kafin wannan sa'a. Ba ƙasarsa ba ce, ba tutarsa ba ce, bai san harshen waɗanda ke gefensa ba. Amma daga irin wannan gaɓar teku, ta kurkukun Elmina da Cape Coast da makamantansu, aka yi ta lodin mutane zuwa Amurka shekaru ɗaruruwa, ga jikan bayi ya dawo ya tarar ana sauke tutar masu jiragen. Da taro ya watse suna komawa masauki, sai ya ji yara ƙanana da tsofaffi tukuf suna bin tituna suna kiran kalmar 'yanci da Turanci, suna jan ta da lafazinsu wanda ya bambanta da nasa. Ya ce wannan kira ya tuna masa wata tsohuwar waƙar bayin Amurka mai zancen samun 'yanci a ƙarshe. Masu bin tarihinsa sun san cewa da kalmomin wannan waƙar ya rufe shahararren jawabinsa na Washinton bayan shekara shida.

Da gari ya waye ranar Laraba aka buɗe sabuwar majalisa. Sarauniyar Ingila ba ta zo ba, ta aiko Gimbiya Marina, matar marigayi Duke na Kent, ta wakilce ta. A nan King ya lura da abin da ya fi komai burge mu cikin labarinsa. Ya ce jiya wannan mata ita ce wakiliyar masu ƙasa, yau kuwa ta zama baƙuwa mai wucewa kamar shi, kamar matarsa, kamar Ralph Bunche. Dare ɗaya ya sauya wanda yake mai gida da wanda yake baƙo. A wajen liyafar gwamnati kuma ya ga Nkrumah yana rawa da ita, wanda aka ɗaure jiya da wakiliyar waɗanda suka ɗaure shi, babu mai sunkuyar da kai. King ya fassara wannan da cewa ribar gwagwarmayar da ba a zub da jini ba ke nan: idan an gama, ana iya duban juna a ido, ba a bar gaba ta gado ba.

Sauran kwanakinsa ba su yi masa daɗi kamar na farko ba, domin zazzaɓi ya kwantar da shi. Yana kwance wani limamin cocin Ingila mai suna Michael Scott, wanda ya yi suna wajen kare haƙƙin baƙaƙen kudancin Afirka, ya zo duba shi, suka tattauna a kan wariyar launi a can da a Amurka. Da ya sami sauƙi ya gana da Nkrumah, sannan suka kama hanyar gida ta Nijeriya da Rum da Janiba da Faris da Landan. A Landan ya shiga fadoji da majami'un daular da ake cewa rana ba ta faɗuwa a mulkinta, yana kallon gine-ginen yana tuna ƙaramar tutar da ya ga an sauke a Akara.

Ranar Lahadi 7 ga Afrilu 1957, lokacin iyayenmu a nan suna cikin makon farko na azumi, ya hau mumbarin cocinsa na titin Dexter a Montgomery ya yi huɗuba a kan haihuwar sabuwar ƙasa. Daga wannan huɗuba, wadda aka ɗauka a faifai, aka san mafi yawan abin da muka kawo. Ya gina ta a kan ƙissar da kowane ɗan makarantar allo ya sani, ta Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da Fir'auna da Bani Isra'ila. Ya ce wa mutanensa azzalumi ba ya miƙa 'yanci don kansa, sai an matsa masa ba fasawa, kuma da mutanen Gwalkwas sun zauna jiran lokaci da har yau suna jira. Sannan ya faɗi maganar da ta nuna ba ɗan kallo kawai ba ne. Ya ce duk wanda ya fita daga Masar, jeji ne a gabansa kafin ƙasar alkawari. Ya ambaci jejin Ghana da sunansa: ƙasa ce da ta dogara ga amfanin gona guda, wato koko, ga ƙarancin masu karatun boko, ga buƙatar masana'antu. Ya yi kira ga baƙaƙen Amurka masu sana'a da ilimi su zo su taimaka.

To, a nan ne ɗan gari zai karɓi zance daga bakin baƙo. A huɗubar King ya ce ministocin sun shigo da hulunan kurkuku da rigunan da suka zauna da su a kurkuku. Hular ya gane ta. Rigar kuwa, duk wanda ya dubi hotunan dandamalin daren nan daga cikinmu zai yi murmushi, domin batakari ce, wadda wasu ke kira fugu, saƙar arewa irin ta Daboya da Yendi, rigar da kakanninmu suka sani a kasuwannin Gwanja. Nkrumah mutumin Nzema ne daga can kudu maso yamma, kuma yana da kente, amma a daren ya zaɓi rigar mutanen arewa, rigar talaka da ɗan ƙwadago. Saƙo ne ga 'yan ƙasa, kuma akwai dalilinsa. Ƙasar da ake ɗaga wa tuta ba ta gama zama tsintsiya ɗaya ba. A Kumasi jam'iyyar NLM ta yi shekara biyu da rabi tana neman mulkin tarayya, arewa tana da jam'iyyarta ta adawa, a yankin Togo na Ingila kuma akwai waɗanda ba su yarda da haɗewar ba. Baƙon kwana takwas ba zai karanta wannan a jikin riga ba.

Haka kuma labarinsa bai bi ta unguwanninmu ba, alhali Tudu da Sabon Zango da Nima suna nan cikin birnin, mutanensu kuma suna cikin taron da ya gani. Kakanninmu sun san wannan ƙasa ta hanyar fataucin goro tun kafin Bature ya wuce bakin teku, yaƙin Salaga na 1892 ya warwatsa su zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akara, wasu kuma ta aikin soja da ɗan sanda suka zo, har Hausa ta zama harshen bariki. A siyasar neman 'yanci mutanen Zango sun rabu biyu kamar kowa: wasu suna CPP, wasu suna jam'iyyar Musulmi ta MAP wadda ta haɗa kai da NLM.

Jejin da baƙon ya hango, mu ne muka fara taka ƙayarsa. Ba a cika wata shida da bikin ba gwamnati ta yi dokar korar baƙi, ta ba da umarnin fitar da manyan Zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, dukansu jigogin adawa, tare da ɗan jarida Bankole Timothy mutumin Saliyo. Alhazan biyu suka garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, a nan aka haife su. Shari'a tana gaban alƙali majalisa ta zauna a watan Agusta 1957 ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, ta yanke hanyar kotu, aka fitar da su zuwa Nijeriya. A Disamba aka haramta jam'iyyun da aka kafa bisa addini ko ƙabila ko yanki, a 1958 aka yi dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba. Majalisar da King ya ga an buɗe da farin ciki, ita ce ta yi waɗannan duka.

Kada wani ya ɗauka laifin jam'iyya ɗaya muke ƙirgawa. Dokta Busia, wanda ya jagoranci adawar da aka kori Alhazan nan saboda ita, shi ne da ya hau mulki gwamnatinsa ta ba da umarnin 18 ga Nuwamba 1969, wanda ya ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Mutane fiye da dubu ɗari suka bar ƙasar, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba. Babu Zangon da bai rasa maƙwabta ba. A 1983 kuma Nijeriya ta yi wa 'yan Ghana irin wannan, suka dawo da kayansu a ka. Wanda ya zama mai gida jiya yakan manta da zafin baƙunta da wuri.

Su kansu manyan daren ba su tsira daga jejin ba. Sojoji sun kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966 yana kan tafiya, ya ƙarasa rayuwarsa baƙo a Gini, ya rasu a asibiti a Bukares ranar 27 ga Afrilu 1972. An harbe King a Memfis ranar 4 ga Afrilu 1968 yana da shekara 39, kwana ɗaya bayan ya faɗa wa jama'a cewa ya hango ƙasar alkawari ko da ba zai shiga tare da su ba. Du Bois da aka hana zuwa biki ya taso ya tare a Akara a 1961, aka ba shi takardar zama ɗan Ghana, ya rasu ranar 27 ga Agusta 1963, jajibirin jawabin King na Washinton, kabarinsa yana nan cikin birnin. Filin folo kuwa yau shi ne wurin da Nkrumah yake kwance.

Ba mu kawo wannan don mu rage wa ranar 6 ga Maris daraja ba. Hawayen baƙon gaskiya ne, abin da ya gani kuma ya faru. Ghana ce ta fara kuɓuta cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da Turawa suka mallaka, Gini ta biyo a 1958, a 1960 ƙasashen Afirka 17 suka ɗaga tutocinsu, mutumin Alabama kuma ya koma gida da ƙarfin zuciyar da ya yi aiki da shi har ƙarshen ransa. Idan wanda ya zo daga nesa ya yi kuka don wannan rana, mu da aka yanke wa cibiya a nan mun fi shi haƙƙin murna da ita. Sai dai shi ya ga daren ne ya wuce, mu kuwa a nan gari ya waye mana. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Abin da ya rage shi ne a san wane ne kaba, kuma tarihin 1957 da 1969 ya nuna ba a barin wannan ga bakin wani. Har yau yaronmu yakan je neman katin ɗan ƙasa a tsare shi da tambayar inda kakansa ya fito.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa abu biyu a wannan hutu. Na farko, ku fita da yaranku kallon maci, ku sa musu batakari, ku faɗa musu cewa ita aka sa a daren da aka haifi ƙasar. Na biyu, duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida da suka ga 1957 ko 1969, ya zauna gabansu da waya ko da alƙalami ya ɗauki abin da suka gani, da sunan unguwa da sunan mai unguwa, ya haɗa da tsofaffin takardun haihuwa da na haraji da na fili ya adana. Labarin King ya iso gare mu ne domin wani ya kunna na'ura a cocinsa ranar da ya yi magana. Dubban iyayenmu sun tsaya a filin nan tare da shi, kuma nasu labarin yana nan a ƙirjin 'yan kaɗan da suka rage.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba shugabanninta adalci ga ɗan gari da baƙo, Ya jiƙan magabatanmu. Wanda ya ga gyara a abin da muka rubuta, ƙofa a buɗe take.